Damo a Layin Pampo

Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Damagaram ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma duk unguwarmu babu wanda ya kai ni ƙiriniya. Pampo ɗaya gare mu. Ruwa sai ya ga dama yake zuwa, ya ɗan zuba ya ɗauke. Tun da safe mata kan jera bokitai da garewani su koma aikinsu. Abin da ka ajiye shi ke riƙe maka layi, kuma ba a taɓa na wani.

Ba a taɓa na wani, sai dai na baƙo. Akwai wata yarinya da suka zo daga Dakusa ita da kakarta, suka kafa bukkar zana a bayan gidanmu. Tsohuwar ba ta iya tashi. Kullum yarinyar za ta ajiye tulunta mai karyayyen baki, kullum wata hajiya mai sayar da tuwo za ta sa ƙafa ta tura shi baya, ta jera garewaninta huɗu. Kwana biyu a jere yarinyar ta koma da tulu wayam. Ni kuwa ina sonta, wallahi, son da in ta dube ni sai in rasa inda zan sa hannuwana. Ko sannu ban taɓa ce mata ba.

Rana ta uku na gudu daga lakwal, wato makarantar boko, na shiga duwatsu na kamo damo, ƙato. Na zo na zura shi cikin garwar hajiya ta gaba, na mayar da faifan da ta rufe ta da shi, na haye katanga.

Da la'asar pampo ya yi tari, mata suka rugo. Hajiya ta ɗaga faifai, damo ya yi tsalle ya faɗa mata a zane. Wayyo Allah! "Maciji! Maciji!" Layi ya watse, bokitai suna ta gangarawa, hajiya ta bar takalmi ɗaya a wurin.

Na yi zaton yarinyar ma za ta gudu ta dawo. Ina! Ƴar ƙauye ce, ta san nama in ta gan shi. Ta yi wuf ta damƙe wuyan damo, ta tura tulunta ƙarƙashin pampo da ƙafa, yadda ake tura mata shi. Ta tsaya har ya cika ya tumbatsa.

Wani ya gan ni a kan katanga, ya kai rahoto. Baba ya zane ni, washegari malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ƙara mini nasa a gaban ƴan aji. Ko a jikina.

Ina dawowa ina ɗingishi na tarar da ita a ƙofar gidanmu.

Ta ce, "Kai ne mai damo?"

Na ce ni ne.

"Kakata ta sha romo, yau ta tashi zaune. Ta ce in yi maka godiya." Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ta ce kuma in tambaye ka, ko akwai wani?"

Satin nan gaba ɗaya mushe bai sa ni a ido ba.