Jirgina ya shiga reshe a Bodinga

Jama'a, ya tashi! Wallahi ya tashi!

Jirgin ƙasa na wasa nake nufi, wanda na saya a gwanjo na shimfiɗa wa layi a kan tebur a shagona. A babban layi lafiya lau yake gudu, amma da ya karya zuwa ƙaramin reshen da na ƙara masa, sai ya mutu.

Yau abokina Malam Ummaru ya taso daga Shagari don ya gani, motarsu kuma za ta koma bayan la'asar. Ni kuwa ina ƙarƙashin tebur ina ɗanɗana wayoyi da harshe, tunda wutar batir ce.

Ya ce, "Injiniya, mi kaka lasa nan ƙasa? Tashi, tsoho. Ƙasar ga ko jirgin wasa ba ya kai tasha."

Na ce, "Yi kurum, Ummaru. Wagga ta cije ni, wagga kau lami."

Na bi wayar da ta yi lamin. Ashe ɓerayen da suka biyo damman geron da na ajiye a shagon ne suka gwaguye ta. Na fere, na murɗa, na naɗe. Jirgi ya shiga reshe, fitilarsa ta kama, Ummaru ya yi kabbara har hularsa ta faɗi!

Lantarki na karanta don in yi aikin reluwe. Layin bai taɓa isowa Sakkwato ba, na tsufa ina gyaran fanka. Amma yau hannuna bai kunyata ni ba.

Ku fa, wane ilimi kuka binne da ransa?