Kawu da Kakin Ƙafafun Mota

Jiya a Ɗan Issa wani direba ya buɗe gwangwanin kaki kusa da ni. Ƙamshin na bugun hancina, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Yayan mahaifiyata ne, ya daɗe yana jan tsohuwar motarsa tsakanin Madarunfa da Maraɗi. Duk safiyar Juma'a yakan kai ta bakin tafki, ya wanke ƙarafan ƙafafunta, ya bari su sha iska, sannan ya bi su da kaki a tsumma mai laushi. Yakan ce baƙar ƙurar birki tana cin ƙarfe kamar gara, amma in ta tarar da kaki, ruwa kaɗan ke sauke ta.

Da idanunsa suka yi rauni, dole ya sayar da motar. Ranar da mai saye zai zo, na iske shi tsugune, yana lalubar ƙarfen da yatsu yana shafawa.

Na ce, "Kawu, ka huta mana. Ai ta zama ta wani."

Ya ce, "Har azahar tawa ce, ɗana. Zo duba mini, akwai inda na tsallake?"

Na nuna masa wani lungu, ya gyara yana dariya. Da mutumin ya iso, Kawu ya miƙa masa makulli haɗe da sauran kakin, ya koma inuwa ya ce a ɗora shayi.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.