Wa Za Ya Zama Jaki?

Ni ba wanda ya koya mani tsara labari. Littafin rubutu guda nis samu, ina cika shi da labarun dabbobi, da la'asar in tara yaran unguwarmu ta Goronyo bakin zaure in karanta masu. Amma wanda nit tsara da Kirsimetin bara, shi ne ba ni mantawa!

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ce, Kirista daga Filato. Tana da ɗiya 'yar shekara bakwai wadda kullum ita ka fara zama kan tabarmata. Kwana uku ban gan ta ba, sai nil leƙa gidansu. Nit tarar da ita kwance, ta rufe kai da zane.

"Mama, mi ya same ta?" nic ce da uwar.

Tac ce a cocinsu yara za su yi wasan haihuwar Annabi Isa, an raba ma kowa nashi, wasu makiyaya, wasu tumaki. Ita anka ba jaki. Yaranmu sunka ji, sunka riƙa bin ta suna "Jaka! Jaka!" Kun san nan, wanda bai gane karatu shi aka kira haka. Yarinya tac ce ba ta zuwa wasan, ba ta kuma sake zama da mu.

Washegari nit tafi Taloka wurin kakana, ana dashen albasa a fadama. Ina kallo yal labta ma jakinshi ciyawa, yab buga mashi gindi, jaki yak kama hanya shi kaɗai.

"Kaka, ba mai raka shi?"

"Raka wa? Wanga ya fi ki sanin gida."

Da gudu nid dawo nir rubuta. Doki da raƙumi da jaki sun taso daga kasuwa, ruwa ya rufe hanya. Doki na ta haniniya, raƙumi na kallon sama. Jaki kuwa, da yake kullum kai ƙasa yaka tafiya, ya san kowane dutse. Shi yaw wuce gaba, 'yar akuya bisa bayanshi, har kowa ya kai gida.

Da gangan nis shimfiɗa tabarma ƙofar gidan su yarinyar, nid ɗaga murya ina karanta ma yara labarin. Ina ganin ƙafafunta ƙarƙashin labule. Da nig gama, wanda ya fi kowa tsokanarta yac ce, "Yaya, wallahi jakinmu ma haka yake! Mu yi wasan, ni ne jaki."

"Kai da wanga dogon wuya? Raƙumi dai!" in ji ƙanwarshi. "Ni ce jaki."

Gardama ta kaure. Sai labule yab buɗe, tah hito da kumburarrun idanu.

"Ni anka ba! Tun farko ni anka ba!"

Munka yanka buhun albasa da kwali, munka ɗinka mata kunnuwa. Ranar Kirsimeti da hantsi yaran duka sunka raka ta har ƙofar coci, tana gaba tana warin albasa.

Bayan azahar ta kawo muna shinkafa da kaza, kunnuwan na bisa kanta. Innata tac ce, "Ɗiyata, ba ki cire su?"

"Inna, wa za ya nuna ma waɗanga hanyar gida?" tac ce, tana nuna yaran da ke biye da ita.