Ranar da Inna ta karanta mini littafi

Shekarun baya, ina kwalejin horar da malamai, na dawo hutu ƙauyenmu da ke gefen Makoɗa lokacin cirar gyaɗa. Ina shiga gida na tarar da mahaifiyata a gindin darbejiya, autanmu a cinyarta, ta ɗora yatsa a kan littafi tana karanta masa labarin wata akuya mai taurin kai. Ashe bayan tafiyata ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa.

Murna ya kamata in yi, kuma na yi. Amma ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ban kuma taɓa zama a cinyarta a gaban mutane ba. Ga wannan ɗan mitsitsin ya baje, har yana ja mata mayafi yana cewa, "Inna, sake kukan akuyar!" Ita kuwa sai ta sake.

Kullum bayan la'asar haka suke. Ni da gemuna ya fara tsiro, sai in zauna nesa ina ɓarar gyaɗa ina harararsa. Rannan na ce ta kawo in karanta masa, ai na fi sauri. Ko layi biyu ban yi ba ya fizge littafin. "Yaya bai iya ba, ba ya kukan akuya."

Abin ya ci ni. Muna tsince gyaɗa ni da ita, na yi ta maza na ce, "Inna, ni dai ba a taɓa karanta mini ba."

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Da ake kawo mini littafi ana cewa Inna duba, me nake gani ban da ƙananan tururuwa?" Ta tashi ta shige ɗaki. Na yi da-na-sanin buɗe bakina.

Washegari da yamma auta ya zo da gudu. "Inna ta ce a ce wa wancan ya zo, wata kalma ta gagare ta."

Na je na zauna a bakin tabarma. Ta fara tun daga farko, a hankali, tana bin baƙi da yatsa, idonta bai bar takarda ba. Ina ta jiran kalmar. Har ta kai ƙarshe ta rufe littafin ba ta tambaye ni komai ba.

Yau ni ma kullum ina karanta wa 'ya'yana, babbar ce kuma nake fara ɗorawa a cinya, ko a gaban wa. Amma in auta ya fara ba da labarin littattafan da Inna ta karanta masa, har yanzu nakan ji ɗan zafi. Shi ya samu da yawa. Ni guda ɗaya na samu, ba kuwa zan yi musaya da shi ba.