Kafen Baba a Gindin Mangwaro

Shekaranjiya maƙwabciyata ta bar gyaɗa a kasko ta tafi amsa sallama, gyaɗar ta ƙone. Da ƙaurin ya tsallako katanga sai na ajiye tsintsiya na zauna. Ƙaurin nan ya mayar da ni tsakar gidanmu a Matameye, ranar da Baba ya fara soya kafe, wato kofi.

Ka san halin mutanenmu. In mutum ya dawo daga ci-rani a ƙasar Kodebuwa, ba fuskarsa ake kallo ba, kayansa ake kallo. Wani ya zo da keke, wani rediyo, wani kwanon rufi. Baba kuwa, bayan shekaru a can, ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, a rame, yana tari, da ɗan buhu guda. Da aka kwance sai ga wasu ƙwayoyi kore-kore masu tsaga a ciki. Baffa, yayan Baba, wanda ke riƙe da gandun gidanmu, ya ɗebo ya shinshina ya ce, "Au, waken da ba a ci ka je ka nomo mana?" Aka bushe da dariya. Inna ta shige ɗaki.

Ni ban yi dariya ba, ina jin shi ya sa ni Baba ya koya wa. Ya ce kafe itace ne, bai fi tsayin lalle ba sosai, furensa fari, in ya buɗe daji duk ya ɗauki ƙamshi. 'Ya'yansa kore suke fitowa, in sun nuna su yi jawur. Da hannu ake tsinka, jajayen tururuwa na zubo wa mutum a wuya suna cizo. A shanya a fili, a yi ta juyawa har su bushe su yi baƙi, sannan a surfe a fitar da ƙwayar.

Ya ɗora kaskon Inna a kan garwashi, ya miƙo mini muciya ya ce kada hannuna ya tsaya. Ƙwayoyin suka rine, suka fara fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Ya ce in kasa kunne, wannan ƙarar ce ke faɗin lokacin saukewa. Muka juye a faifai muka fifita, muka daka, ya tafasa. Ya kurɓa ya rufe ido.

"Kin san duk zaman da na yi ban taɓa ɗanɗana shi ba?" in ji shi. "Mu dai cika buhu ne namu, a loda a tafi."

Na kurɓa ni ma, ɗacin ya sa na tofar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ashe akwai wani ƙulli dabam cikin tsumma mai laima, iri ne da ɓawonsa. Ya shuka a garka, a gindin babban mangwaron da ke kusa da rijiya. Ya ce wannan ba gero ba ne, rana kashe shi take yi. Inuwa yake so, da busasshen ganye lulluɓe a gindinsa. Guda ɗaya ce ta rayu. Ni ke ba ta ruwa safe da yamma, Baba na tsugune yana duba ganyenta ɗaya-ɗaya. Mutane na wucewa da rake a ka suna cewa, "Malam, yaushe za mu sha?" Ni kaɗai yake gaya wa, "Ranar da ta yi 'ya'ya, za su san ba yawon banza na tafi ba."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Itaciyar ta kawo mini ƙugu, ganyenta na sheƙi kamar an shafa musu mai. A wata bazara muka ga ƙananan tohon fure a hammatar rassanta. Baba ya dafa kaina. A bazarar ce kuma tarin ya kayar da shi, aka kai shi asibitin Damagaram.

Lokacin sharar gona ne. Wata safiya na iso da guga, sai na ji sara. Baffa ne a kan mangwaro da gatari. Ya sauke duk rassan da suka rufe kafen, ya share ganyen gindin ya tara ya cinna musu wuta, ya yi wa itaciyar huɗa tsaf kamar dawa. Wallahi ba da mugunta ya yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ƙanensa na kwance, shi kuma yana son ya gyara dariyar da ya yi.

Na ce, "Baffa, Baba ya ce inuwa take so."

Ya sauko yana share gumi ya ce, "Ke tafi can! Tun ubanki na goye nake riƙe da hauya. Ina kika taɓa ganin shuka ta yi albarka a inuwa? Na buɗe mata ta sha rana."

Yarinya ba ta mayar wa baffanta magana. Na jawo tsohuwar zana na kafa mata, washegari ya cire, ya ce ina lalata masa aiki. Na yi ta zuba ruwa har hannuna ya yi kanta. Rana ta bazara kuwa ka san ta. Tohon ya zube tukuna, sannan ganyen suka naɗe, suka ƙone daga baki. Kafin a sallamo Baba ta zama tsinke.

Ranar da ya dawo bai ko zauna ba, ya dogara sanda muka nufi garka. Baffa ya biyo mu yana ba shi labarin irin wahalar da ya sha a kanta. Baba ya dubi itaciyar, ya ɗaga kai ya dubi kututturen rassan. Ina jira ya yi faɗa, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka."

Bai sake ambaton kafe ba. Kafin kaka ya rasu.

Yau kowane mai shayi a tasha yana da garin kafe a 'yar leda, jikokina ma ba su san daga itace yake fitowa ba. Mangwaron ya mayar da rassansa, inuwarsa ta fi ta da. Baffa ya rayu har ya tsufa tukuf, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji yadda ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan shukar ƙanensa, amma ƙasarmu ta ƙi karɓa. Haka garin ya riƙe zancen har gobe: wai Baba ya tafi ya dawo da abin da ba ya yi. Ni na ga tohon furen da idona. Sai dai mu biyu ne muka gani, ɗayan kuma ya ce sannu da aiki ya tafi ya bar ni.