Firinjin Kawu Bello

Kawu Bello bai taɓa jefar da komai ba, ku da kuka san shi shaida ne. Murfin kwalba, tsinkakken takalmi, duk suna ƙarƙashin teburinsa. Ka ce shara ce, sai ya zaro ido: "Wa yac ce maka Allah na yin shara?"

Haka ya yi da bincikensa a jami'a. Akwai wasu dogayen zaruruwa da ake kira RNA a ƙwayoyin jikinmu da ba sa ƙera furotin, aka daɗe ana ce musu tarkace. Kawu ya ce ƙarya ne, su ke kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu, in sun rikice sankarar jini ta samu ƙofa. Shugaban sashenmu ya yi masa dariya a taro. Kawu ya ce, "Kai ma ba ka ƙera komi nan, amma kai ka kunna mu kana kashe mu."

Jinin marasa lafiyarsa kuwa yana firinjin ɗakin bincike, ni ɗiyar ƙanwarsa nake kula da shi. Da an ɗauke wuta sai ya hau babur zuwa gidansa a Mabera ya kinkimo janareton gida, ya bar firinjin matarsa ba wuta.

"Alhaji, zoɓona hwa?" in ji matarsa.

"A sake dahwa wani! Yaran da sunka ba ni jinin ga, wasu sun rasu. Ina ni ka samo shi?"

Da sankarar jinin ta kama shi shi ma, ya miƙo mini hannu yana dariya: "Ɗiba, Nana, kada a yi asara."

To, ku ji abin da har gobe yake ƙona mini rai. Bayan ya rasu, ranar taron tunawa da shi, wani ya zare filogin firinjin ya jona lasifika. Shugaban nan ya cika mana kunne da yabon Kawu, aka tafa, aka tafi hutun ƙarshen mako. Ba wanda ya mayar da filogin! A zafin Sakkwato! Komai ya lalace, har da jinin Kawu.

Shugaban ya leƙo ya ce, "Sai a zubar." Na ce wallahi wanda ya taɓa sai ya ga haukata. Kwalaben jinin suna nan ƙarƙashin teburina.

Ya Allah, mu mun ɓata masa aiki. Kai da ba ka yin shara, ka karɓa masa shi cikakke, ka jiƙansa da yaran nan duka.