Jiƙon wanke allura

Shekarar da aka kawo allurar rigakafin korona ƙauyenmu, can bayan Dumega, ina koyarwa a wata lakwal a Dogon Dutsi, ba na zuwa gida sai hutu. Yayana bai daɗe da aure ba. Matarsa sa'ata ce, amma kunya gare ta kamar me. Ko sunan mijinta aka ambata sai ta ja mayafi. Ni kuwa ƙanwar miji ce, tsokanarta halal ce a gare ni, "matarmu" nake ce mata.

Da na zo hutu na same ta ta zube, idanu sun faɗa. Washegari da hantsi na leƙa bayan rumbu na tarar da ita tsugune da ƙwarya, tana kurɓar wani baƙin ruwa tana yamutsa fuska. Ɗaurin zanenta ya hau sama, na gane nan take ciki gare ta. Na tafa hannu na ce, "A'a, matarmu! Ashe aiki kike mana a ɓoye?"

Na zaci za ta gudu ɗaki kamar kullum. Sai ta aje ƙwaryar ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa. Na bar dariya na tsuguna kusa da ita.

Da kyar na ciro zancen daga bakinta. Ranar allura an yi layi a gindin itacen bedin da ke bakin likita, wato asibitin ƙauyenmu. Lokacin ba a yi wa masu ciki, don haka kowace mace sai an tambaye ta. Wanda aka ɗora wa tambayar kuwa ƙanen babanmu ne, dattijo mai murya kamar ta sanƙira, ga maza zaune gefe, ga Inna, mahaifiyarmu, tsaye a bayanta. Ya ɗaga murya ya ce, "Kina da juna biyu?" Cikin fari, a gaban suruki! Ta sunkuyar da kai ta girgiza shi, aka yi mata allura. Bayan haka ta ji mata a rijiya suna cewa allurar narkar da ciki take yi. Tun daga ranar take shan jiƙon ɓawon maɗaci da filasko safe da maraice, wai ya wanke allurar kafin ta kai ga ɗan. Gudawa ta ƙi tsaya mata, mararta tana murɗawa, ita kuwa murna take wai dafin ne ke fita.

Ban tsaya neman izinin kowa ba, na tare moto, wato babur, na ɗora ta muka nufi likita.

Sajifam ɗin, wato ungozomar likita, babbar mace ce mai faɗa. Zancen allurar bai ɗaga mata hankali yadda na zata ba. Ta ce, "Wagga allura, ƙwayar mura ce anka kashe wa ƙarhi, ba ta iya haihuwa cikin jiki. Saƙo anka ɗora mata ta kai, jiki shi gane korona. Ba wanda yac ce tana ɓata ciki. Lokacin gwaji ne ba a sa masu ciki ba, shi yas sa anka ce a dakata sai an gani." Amma da na miƙa mata gorar jiƙon da na ɗebo, ta sansana, sai fuskarta ta canza. Ta miƙe tsaye. "Wanga take sha? Tun yaushe? Innalillahi! Allura dai akwai masu bin sawunta. Wanga wa ya auna shi? Irin wagga murɗa ita ka hidda ciki!"

Ta kwantar da ita, ta ɗora ƙahon saurare a kan marar. Can ta ɗago ta ce zuciyar ɗan tana bugawa. Ta rataya mata ƙarin ruwa, ta ce daga yau za a riƙa bin cikin wata-wata har haihuwa, duk abin da aka gani a aika wa masu tara labarin matan da aka yi wa allurar da ciki, don na baya su san inda suka dosa.

Na koma gida ina huci, na sami Inna tana sheƙar gero. Na ce, "Inna, kin san abin da ɗiyar mutane ke sha cikin gidanga?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani. Ni ka jiƙa mata."

Na ce, "To cikin fa?"

"Tun watan hwarko na gani. Duk matan layin sun gani."

"Kina bayanta, Inna! Baki ɗaya za ki buɗe!"

Ta aje faifan ta dube ni kamar ni ce mahaukaciyar. "In hwaɗi gaban ƙanen ubanku? In kwance mata zane gaban maza? Cikin hwari ba a shela tai, kunne na da yawa, iska na ji." Sai muryarta ta karye. "Na ɗauka gyara nike."

Wallahi na yi fushi da ita, fushin da ban taɓa yi ba. Amma kafin in sake magana ta miƙe. Da kanta ta ɗauki tukunyar jiƙon ta kife a bayan danga.

Cikin da aka yi ta ɓoyo ya zama na gari duka. Kowane wata ana awo, idan an makara sajifam ta aiko. Ba wanda ya iya ce mana kome tabbas; "muna dubawa" kawai ake cewa. Matarmu ta daina kukan fili, amma na san ba ta samun barci.

Bayan girbi ta haihu, namiji, ɗan ƙarami. Sajifam ta juya shi ta duba ko'ina, ta auna kansa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce lafiya lau, sai dai a dage da nono. Aka kwantar da shi a bayan uwar. Ita kuwa ta juya fuska bango yadda ake yi wa ɗan fari, ko kallo ɗaya ba ta yi masa ba. Ina shirin tsokanarta sai na ga hannunta ya zagayo baya a ƙarƙashin zane, yana lalube. Ya sami ƙafar yaron, yana bin ƴan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya gama ya sake farowa.

Inna ma ta gani. Ɗakin cike da mata, ga ƙanen babanmu a bakin ƙofa ya zo barka. Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ɗiyata, juyo ki dubi ɗanki. Duba shi da kyau."